Stellenbosch

Stellenbosch gari ne a lardin Western Cape na Afirka ta Kudu, kimanin kilomita 50 gabas da Cape Town, a gaɓar kogin Eerste. Simon van der Stel ne ya kafa shi a 1679. Gonakin inabi da wuraren sarrafa giya sun kewaye shi, kuma a 1971 aka buɗe hanyar ziyartarsu, irinta ta farko a ƙasar. Masu jagorantar baƙi kan zagaya da su a ƙafa ta titin Dorp mai tsofaffin fararen gidaje. Gumin bayi ne ya raya tsofaffin gonakin kafin haramta bauta a 1834, tarihin da bai kamata jagora ya tsallake ba. Daga Stellenbosch ana zuwa garin Franschhoek a dawo cikin yini guda.