Mabul, tayil da katako: yadda ake wanke kowane daɓe ba tare da lalata shi ba

Kakau, da ke Ƙaramar Hukumar Chikun a gefen babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, tana cikin yankunan da birnin Kaduna ke faɗaɗa zuwa gare su. A sababbin gidajen da ke tasowa a can, tayil ya kusa maye gurbin daɓen siminti, wasu falukan kuma har da mabul ko katako. Ga matashin da ke zaman haya, daɓen da ya lalace asara ce, domin daga kuɗin ajiyar da ya bai wa mai gida ake cire na gyara.

Babban abokin gāban kowane daɓe shi ne yashi. Jar ƙasar da takalma ke kwasowa da damina, da ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, suna ɗauke da ƙwayoyin yashi masu taurin 7 a ma'aunin Mohs, alhali taurin mabul 3 ne kacal. Wanda ya jiƙa mofa ya hau guga bai yi shara ba, kankare daɓensa yake yi. Tsintsiya mai laushi ce ke fara aiki, sannan ruwa.

Mabul, irin wanda ake haƙowa a Jakura ta Jihar Kogi, danginsa ɗaya da dutsen farar ƙasa, saboda haka duk abu mai tsami yana cin sa. Lemun tsami da ruwan kal, waɗanda ake yawan yabawa a kafofin sada zumunta, suna dusashe ƙyallinsa cikin mintuna. Abin da suka bari ba datti ba ne da wanki zai fitar. Fuskar dutsen ce ta zaizaye, sai an kira mai injin gogewa. Haka lamarin yake ga tarazo na tsofaffin gidajen Kaduna, tunda ɓarɓashin mabul ne a cikin siminti. Ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke sun wadatar, a bi da busasshen tsumma. Idan ana shakkar irin dutsen, a ɗiga lemun tsami a lungun da ido ba ya kaiwa: in wurin ya yi kumfa ko ya dushe, to a nisanta shi da tsami.

Tayil ya fi juriya, amma rauninsa na cikin layukan simintin da ke tsakani. Al'adar zuba asid don cire ragowar siminti bayan gini tana cinye layukan nan, ruwa ya samu hanyar shiga ƙasa, daga baya tayil ya fara ƙara kamar ganga, ya ɓanɓare. Buroshi da haƙuri sun fi. Omo mai yawa kuwa yana barin yauƙi mai kama ƙura, kuma yana kayar da yara da tsofaffi.

A nan ne haɗari ga rai yake. Bilic irin su Hypo da Jik, idan ya gamu da asid, ko da maganin wanke masai irin Harpic mai ɗauke da asid, yana fitar da iskar kulorin, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Ypres ta Beljiyam a 1915. A ƙaramin banɗaki marar taga, tana ƙona ido da huhu nan take. Kada a haɗa su, ko da a bokiti ne. Wanda ya shaƙa ya fita iska, in numfashi ya ƙi daidaita a kai shi asibiti. Ruwan wanki da ake ɗurawa a gorar lemo ba tare da suna ko lambar NAFDAC ba, mai saye bai san abin da ke ciki ba.

Katako shi ba ya son ruwa kwata-kwata. Yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu har tsaga ta bayyana, kuma ta nan ruwan mofa ke ratsawa. A matse tsumma har ya daina ɗiga, a goge daidai da tsawon katakon. Kananzir da wasu ke zubawa don ƙyalli yana iya narkar da fentin kariya, ga santsi, ga saurin kama wuta.