Birniwa: Garin da Ya San Halin Yashi

Wanda ya baro Haɗeja ya nufi arewa maso gabas, kafin ya yi nisa zai ga ƙasa ta sauya kama. Baƙar lakar fadama tana ƙarewa, sai jan rairayi ya karɓe ta, tudu na bin tudu, gawo da aduwa da goruba a warwatse cikin gonaki. Wannan ita ce jigawa, wadda Jihar Jigawa ta samo sunanta daga gare ta, kuma a kanta Birniwa take zaune, daf da iyakar Jihar Yobe. Babu dutse a nan, amma akwai hawa da gangara na yashi, kuma su ne suka tsara wa mutanen garin yadda za su rayu.

Birniwa ɗaya ce daga ƙananan hukumomi takwas na Masarautar Haɗeja, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 140,000. Sunayen garuruwanta kaɗai sun isa su ba da labarin mazaunanta. Kachallari da Machinamari da Dangwaleri duk suna ƙarewa da "ri", yadda Barebari ke raɗa wa gari suna, domin Mangawa, reshen Barebari, sun daɗe a wannan yanki tare da Hausawa da Fulani. A kasuwa ɗaya sai ka ji an yi ciniki da harshe uku ba tare da tafinta ba.

Tarihin ƙasar ya girmi masarautar da take ciki. Kafin jihadi, yankin Haɗeja ƙananan sarautu bakwai ne: Auyo, Haɗeja, Garun Gabas, Gatarwa, Dawa, Kazura da Fagi, kuma suna biyayya ga Borno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Biyu daga cikinsu, Kazura da Fagi, yau mazaɓu ne a ƙaramar hukumar Birniwa. A farkon ƙarni na 19 Fulani ƙarƙashin Sambo suka haɗe waɗannan sarautu suka zama masarauta guda, sai yankin ya koma bakin iyaka tsakanin daular Sakkwato da Borno. A 1906 Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada.

Abin da ya fi sauya Birniwa bayan wannan shi ne jirgin ƙasa. Wajen 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa. Gyaɗa da fatu da dabbobi suka sami hanyar zuwa Kano da Ikko, 'yan kasuwa suka taru a gefen dogo, har aka sami Birniwa Tasha ban da tsohon gari. Da farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, jirgi kuma ya yi ta ja da baya, sai wannan ciniki ya durƙushe. Manoma ba su zauna jiran gawon shanu ba. Suka ƙara riƙe gero da wake don ci, suka rungumi riɗi da zoɓo da kankana don kuɗi. Yau riɗin wannan yanki har Japan da Sin yake kaiwa, zoɓo kuma Meziko.

Noman jigawa sai wanda ya gaje shi. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, shi ya sa mai azama yakan yi binne tun bazara, ya zuba irin gero cikin busasshen yashi ya bar wa Allah sauran. Idan ruwan fari ya sauka da ƙarfi, ya riga kowa. Idan yayyafi ne kawai, iri ya ruɓe, sai a sake. Duba kuma gindin gawo: da damina yake kaɗe ganyensa, don haka ba ya hana shuka rana, da rani kuma dabbobi su sha inuwarsa su bar taki. Geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kauri da tsawon zangarniya. Da kaka za ka ga riɗi an ɗaure shi dami-dami an jingina a tsaye, har ya bushe a kaɗe shi a kan tabarma, amalanken shanu na nitsewa cikin rairayi da kayan gida.

Tudu kuwa ba ya rabuwa da fadama. Idan rani ya tsananta, makiyaya sukan gangara dausayin Haɗeja da Nguru, matasa su bi su neman aikin shinkafa da kamun kifi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da dausayin ta sauya hali, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Duk abin da ya taɓa fadama, mutumin tudu yana ji a tukunyarsa.

Babban abin tsoro a yau shi ne gatari. Yashi ba ya tafiya sai an cire abin da ke riƙe da shi, kuma kowane gawo da aka mayar gawayi ƙofa ce aka buɗe wa hamada. Mutanen Birniwa sun ga bayan mulkin Galadima, sun ga zuwan jirgi da ɗaukewarsa, ƙasar nan dai ita ce ta ci gaba da ciyar da su. Haƙƙinta a kanmu shi ne mu bar tsiron gawo ya girma a gona, mu yi wa dashe shinge, domin jikoki su tarar da tudun nan yana ba da gero.