Ƙuncin Muhalli da Tsawon Rai: Nazari a Kan Itacen Fayin na Tsaunukan Yammacin Amurka

Tsakure

Maƙalar nan ta duba siffofin itacen fayin da masana ke kira Pinus longaeva, tare da yanayin da yake tsirowa a cikinsa. Ra'ayin da ta tsaya a kai shi ne ƙuncin wurin da yake zaune ne ke tsawaita ransa.

Mazauni da Yanayi

Ana samun itacen a jihohin Kalifoniya da Nebada da Yuta, kuma sai a 1970 ne D. K. Bailey ya ware shi a matsayin jinsi mai zaman kansa. A Fararen Tsaunuka na gabashin Kalifoniya yana tsirowa a tudun da ya kai kimanin mita 3,000 ko fiye. Wuri ne mai iska da tsananin sanyi, ga ƙarancin ruwa, wanda akasarinsa dusar ƙanƙara ce. Ƙasar ta farin dutsen dolomayit ce, maras taki, wadda yawancin tsirrai ke gudu. Wannan ya rage masa abokan gogayya. Ƙari a kan haka, da yake ciyawa ba ta rufe ƙasa ba, kuma itatuwan na nesa da juna, gobara ba ta samun abin ci.

Siffofin Juriya

Ganyensa sirara ne kamar allura, biyar-biyar a kowane ƙulli, kuma sukan kai shekara 30 ko fiye kafin su zube. Ke nan ko shekarar fari ta zo, ba dole ne ya ɓata ƙarfinsa wajen fitar da sabon ganye ba. Girmansa a hankali yake; zoben da yake ƙarawa a shekara wani lokaci bai kai milimita 1 ba. Shi ya sa katakonsa ke da tauri, cike da ƙaro, ƙwari da ruɓewa ba sa kama shi da sauƙi.

Abin da ya fi jan hankali shi ne kowace babbar saiwa ɓangaren da ke samanta take shayarwa. In zaizayar ƙasa ta tone saiwa ta kashe ta, wancan ɓangare kaɗai ke bushewa. Sai ka ga tsohon itace tsirara, iska ta goge shi sumul, amma siririn ɓawo guda ya haura gefensa yana ciyar da reshe ɗaya mai kore. Da wuya mai wucewa ya yarda yana da rai.

Hujjar Shekaru

A 1957 Edmund Schulman na Jami'ar Arizona ya gano itacen da aka laƙaba wa Metusela, wanda ya haura shekara 4,800. A 1964 kuwa aka sare wani a tsaunin Wila na Nebada domin bincike, aka ƙirga zobba fiye da 4,800, asarar da har yau ake sukar ta. Schulman ya lura cewa mafi tsufa suna wurare mafi bushewa ne. Waɗanda suka samu ƙasa mai danshi kan yi saurin girma, su riga su mutuwa.

Amfaninsa ga kimiyya ya zarce ilimin tsirrai. Da yake matattun kututtura kan daɗe dubban shekaru ba su ruɓe ba, an haɗa zobbansu da na rayayyu, aka samu jerin shekaru da aka yi amfani da shi wajen gyara ma'aunin kabon-14 na ƙiyasta shekarun kayan tarihi.