Daga Zaure Zuwa Otal

A Yargalma, kamar sauran ƙauyukan Bukkuyum da Anka da Gummi, ba a san miji ya ɗauki matarsa su kwana a masauki alhali ga ɗakinsu ba. Shagalin aure a gida ake yinsa: budurwa kwana bakwai, bazawara uku, turare na tashi a kasko, 'yan'uwa na aiko da akushin tuwo.

Masauki na baƙo ne. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro a zango suke yada kaya, ɗan kasuwa ya sauka wurin fatoma, matafiyi ya samu tabarma da buta a zauren mai gari. Bayan 1903 Turawa suka gina bariki domin jami'ansu masu rangadi. Jirgin ƙasa da ya kai Ƙaura Namoda a 1929 ya cika Gusau da baƙi, aka fara biyan kuɗin kwana.

Sai dai otal ya shigo da baƙin jini, don an haɗa sunansa da giya da mata masu zaman kansu. Shari'ar da aka ƙaddamar a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999 ta haramta sayar da giya a jihar, amma zargin bai gushe ba.

Yau wasu matasan ma'aurata a Gusau da Sakkwato kan kama ɗaki ranar zagayowar aurensu, su ci balangu, su zaga garinsu da yamma. Abin takaici, 'yan bindiga sun sa hanyar Anka ta zama abin tsoro, ziyarar dangi a ƙauye ma sai an yi shawara.