Ƙwayoyin azurfa daga ganye: sabon makami kan bakteriya masu bijire wa magani

A shekarar 2019, bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, a cewar binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022. Idan aka auna da yawan jama'a, a Yammacin Afirka abin ya fi ƙamari. Cikin makaman da masana ke gwadawa akwai ƙwayoyin nano da ake haɗawa da tsirrai.

Girmansu yana tsakanin nanomita 1 zuwa 100, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Akan tafasa ganyen darbejiya ko zogale, a tace, a gauraya ruwan da narkakken gishirin azurfa. Sinadaran ganyen su mayar da azurfar mitsi-mitsin ƙwayoyi, launin ruwan ya koma ruwan ƙasa.

Ƙwayoyin kan manne wa bakteriya, su huda bangonta, su lalata furotin da ƙwayoyin gadonta. Da yake ta fuskoki da dama suke kai farmaki, bijire musu ya fi wuya, ko da yake an samu bakteriyar da ta jure wa azurfa.

Sai dai akasarin gwaje-gwajen a ɗakin bincike suka tsaya, ba a jikin majinyata ba. Girman ƙwayoyin na sauyawa gwargwadon ganyen da aka yi amfani da shi, azurfa kuma na iya taruwa a hanta da fata. Don haka shan jiƙon ganye ba zai maye gurbin maganin likita ba.