Asalin Kiɗan Fiyano a Ƙasar Hausa

A zamanin da, kiɗa a ƙasar Hausa yawanci sana'a ce ta gado. Makaɗin fada yana da ubangida, watau sarkin da yake yi wa waƙa, ba ya kuwa fita sai da 'yan amshi da masu kotso ko taushi. Kiɗan fiyano shi ne ya kwance wannan tsari, tushensa kuwa uku ne.

Na farko shi ne karin waƙar Indiya. Tun wajen 1960 gidajen silima na Kwarori a Kano suke nuna finafinan Indiya, har kunnen samari ya saba da zaƙin muryoyinsu, da yadda namiji ke rerawa mace na amsawa. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge na Jos suka ɗauki karin, suka zuba masa kalmomin Hausa.

Na biyu shi ne na'ura. A 1978 Mamman Sani ya ɗauki kaɗe-kaɗensa a Yamai da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya, shi kaɗai, ba 'yan amshi. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da su a 2013. A Kano kuwa, bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinai suka bukaci kiɗa mai araha, sai suka koma ga fiyanon Yamaha na Japan. Yaro ɗaya a ƙaramin ɗaki ya ishi aikin ƙungiya guda.

Na uku shi ne kiɗan gida. Sa'ad da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, abin da ya kama zukatan mutane shi ne jin amon da ya yi kama da na sarewa da ganga yana fita daga na'ura, watau baƙon abu ya yi magana da harshen gida. Daga nan kasakasai suka bazu ƙauyuka da kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari ta ƙasar Gumel, har Damagaram.

To, babban abin lura ga mai nazari shi ne, mai saye ya gaji matsayin ubangida. Da haka soyayya ta ture kirari a bakin samarin mawaƙa, wanda bai gaji ganga ba kuwa ya sami ƙofar shiga sana'ar.