Yadda Yaƙi Ya Ƙwace Wa Namun Daji Darensu

Hausawa na cewa dare mahutar bawa. To ba bawa kaɗai ba, tun fil azal namun daji ma da dare suke samun sararin kiwo da shan ruwa, don kuwa idon maharbi ba ya keta duhu. Ko da fitilar goshi ta zo, wadda ke dallare idon dabba ta tsaya cak, an ga illarta da wuri. Yarjejeniyar kare namun dajin Afirka da aka ƙulla a Landan a 1933 ta nemi a hana farauta da irin wannan haske.

Sai dai fa mai karatu, abin da ya kwance wa dare zani a kasuwa ba daga wajen maharba ya fito ba, daga fagen fama ne. A 1945, ƙarshen yaƙin duniya na biyu, sojan Jamus sun ɗaura wa bindiga wata na'ura mai suna Vampir, su ma Amurkawa suka yi aiki da tasu a tsibirin Okinawa. Fitila ce mai hasken da idon mutum ba ya gani, sai ta cikin madubinta. A yaƙin Biyetnam, cikin shekarun 1960, aka fito da wadda ba ruwanta da fitila, ɗan hasken wata da taurari take tattarawa ta ninka shi sau dubbai. Daga baya kuma aka sami mai ganin ɗumin jiki, wadda ko ba wata ba tauraro sai ta nuna mai rai.

Da kayan suka yi araha sai suka faɗo hannun maharba. Ba zan ce babu amfani ba. A jihar Tekzas ta Amurka da su manoma ke kashe aladun daji masu yi musu ɓarna cikin dare. Jamus ma ta sassauta dokarta a 2020, shekarar da annobar zazzaɓin aladu ta shiga ƙasar.

Amma ai an ce dare rigar mugu. A Afirka ta Kudu karkanda 1,215 ɓarayin daji suka kashe a 2014 kaɗai saboda ƙaho, kuma wasu gungunsu da irin wannan madubi suke yawo. Dole ta sa masu gadin daji su ma suka nemi nasu, kamar yadda aka fara a Masai Mara ta Kenya a 2016.

Ni a ganina, farauta tana da mutunci ne muddin dabba na da hanyar tsira. In an ƙwace mata rana, an bi ta an ƙwace dare, to me za mu nuna wa jikokinmu, hoto? Don haka abin da ya kamaci hukuma shi ne ta sa ido kan wanda ke riƙe da na'urar, da dalilin riƙonta, tun kafin daji ya zama kufai. Allah Ya sa mu gane, amin.